Tausayi Kaɗai Ba Ya Tsayar Da Jini

Duk wanda ya saba bin manyan hanyoyinmu, ko ta Kano zuwa Zariya ce ko ta Gusau zuwa Sakkwato, ya san yadda wurin hatsarin mota yake cika cikin 'yan mintoci kaɗan. Kafin ƙura ta lafa mutane sun fito daga gonaki, motoci sun tsattsaya, ana ta salati. Wani ya kama hannun wanda ya maƙale a cikin mota yana ja da ƙarfi, wani ya fasa ruwan leda yana ɗura wa wanda ya suma, wasu huɗu kuma sun ɗauki wani kamar buhun masara, kansa yana reto, sun nufi bayan a-kori-kura da shi. Babu mugu a cikinsu. Kowa ya bar aikinsa ya ɓata rigarsa da jini saboda mutumin da bai taɓa gani ba, kuma wannan hali ne na jama'armu da ya cancanci yabo.

Sai dai likitoci sun daɗe suna faɗa mana abin da ba mu son ji. Ruwan da aka ɗura wa wanda ya suma yana iya bin hanyar numfashi ya sauka cikin huhu. Wanda ya karye a wuya, idan aka ɗauke shi kansa yana reto, ƙashin da ya karye yana iya yanka laka, mutum ya tashi daga mai raunin da zai warke ya koma wanda jikinsa ya shanye har ƙarshen rayuwarsa. Shi kuma wancan da ke kwance rigingine ya yi shiru, wanda kowa ya tsallake ya tafi wurin masu kuka, wataƙila harshensa ne ya koma baya ya toshe masa maƙogwaro, da an ɗaga masa haɓa da ya ci gaba da numfashi. To a nan tambayar take, ya kai mai karatu. Mutumin kirki da ya yi ɓarna garin taimako, me za mu kira aikinsa? Kuma shin akwai laifi a kan mutum saboda abin da bai koya ba, alhali yana da damar koyonsa?

Hausawa sun riga sun ba da amsa iri biyu masu karo da juna. A waje ɗaya sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. A ɗaya wajen kuma babu wanda suke zargi kamar wanda ya ga ɗan'uwansa cikin halaka ya naɗe hannu. Abin mamaki, wannan tsaka-mai-wuya tana nan a cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu. A Mukhtasar na Shehu Halilu an ɗora lamuni a kan wanda ya ga rai ko dukiya za su halaka, yana da ikon ceto, ya wuce abinsa. A cikin wannan littafin dai an ɗora lamuni a kan mai yin magani da jahilci ko sakaci. Wato in ka wuce akwai nauyi a kanka, in ka sa hannu ba da sani ba akwai nauyi a kanka. Mutum zai ce an rufe ƙofa gaba da baya. Amma akwai ƙofa ta uku, sai dai ba a samunta a ranar hatsari. Tana can baya, wata shida ko shekara biyu kafin wannan rana, lokacin da mutum yake zaune lafiya yana da zarafin ya je ya koyi yadda ake agajin gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A nawa ganin, jarrabawar halin kirki a wannan babi ana cinta ko a faɗi tun kafin a ji ƙarar karon motoci.

Wannan ra'ayi ba sabo ba ne. Imamu Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan da ke kan al'umma baki ɗaya, waɗanda idan wasu suka yi an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Sai dai ya kamata mu tsaya mu duba ma'anar "wasu suka yi". Likitan da ke Asibitin Murtala a Kano ba ya ɗauke nauyin mutanen ƙauyen da ke nesa da shi da tafiyar sa'a biyu, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 da yankewar numfashi, kuma wanda babbar jijiyar jini ta yanke a cinyarsa yana iya ƙarewa cikin minti 5 ko ƙasa da haka. Duk jinin da ke jikin babban mutum bai wuce kimanin lita 5 ba. Babu motar asibitin da ke gudun da zai riga waɗannan mintoci. Saboda haka farillar ba ta faɗuwa sai an sami wanda ya iya a kusa, a tasha, a kasuwa, a makaranta, a bakin rafi.

Irin wannan darasi ne ya haifi ƙungiyar agaji mafi girma a duniya. A ranar 24 ga Yuni, 1859, wani ɗan kasuwa mutumin Suwizalan mai suna Henry Dunant ya iso kusa da Solferino a arewacin Italiya, inda sojojin Faransa da na Sardiniya suka gwabza da na Ostiriya. Wajen mutum 40,000 ne aka kashe ko aka raunata. Dunant ya tara matan garin Castiglione suka yi ta ba da ruwa da wanke raunuka, ba tare da tambayar ɓangaren da soja yake ba. Tausayi bai yi ƙaranci a wurin ba. Abin da ya rasa shi ne hannayen da suka san aiki, da kayan aiki, da tsari. Shi ya sa a littafin da ya fitar a 1862 ya nemi a kafa ƙungiyoyin sa-kai da za a horar tun lokacin zaman lafiya. Daga nan aka kafa kwamitin Red Cross a 1863, ita kuma ta Nijeriya doka ta tabbatar da ita a 1960. Kakanninmu ma sun san haka a tasu hanyar. Ba a barin kowa ya yi ɗori sai maɗori da ya shekara yana riƙe wa mahaifinsa kara, ba a tura kowa cikin kogi ceton wanda ruwa ya ci sai Basarke, haka ungozoma, haka wanzami. Sun ɗauki ceto a matsayin sana'a da ake koya.

To me ake koya wa mai son zama ɗan agajin farko? Horon hawa-hawa ne. Akwai na kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, irin wanda Red Cross ke bai wa jama'a. A ƙasa kamar Amurka akwai matakin mai isa wurin hatsari da farko, wanda ke cin wajen sa'a 50, sai na ma'aikacin motar asibiti mai cin kimanin sa'a 150, sai na ƙwararre wanda ke haura sa'a 1,000. Abin da ya ja hankalina shi ne, tun daga matakin ƙasa, kusan kowane darasi yana zuwa ne ya ƙi abin da zuciya ke umartar mutum da shi.

Darasin farko shi ne ka tsaya. Zuciya tana cewa ruga, malami yana cewa duba tukuna: akwai wayar lantarki a ƙasa? Man fetur yana zuba? Akwai wata mota da ke tahowa da gudu? Da farko wannan yana kama da son kai, har ɗalibi ya ji kunyar a ce masa lafiyarsa ce gaba da ta majiyyaci. Amma sau nawa muka ji labarin rijiyar da ta ci mutum uku ko huɗu a jere? Na farko ya shiga yasa, iskar ƙasan rijiyar ba ta da abin da huhu ke buƙata, ya faɗi. Ɗan'uwansa ya bi shi ba igiya ba dabara, shi ma ya faɗi, na uku ya bi. Kowannensu jarumi ne, kuma jarumtar ba ta fito da kowa ba, sai gawa da ta ƙaru. Wanda aka horar ya san cewa idan ya zama majiyyaci na biyu ya raba hankalin masu ceto gida biyu.

Darasi na biyu ya fi wannan ɗaci. Idan waɗanda suka ji rauni suna da yawa, hannu kuma kaɗan, dole a tantance wanda za a fara da shi. Wannan tsari ya samo asali daga Dominique Larrey, babban likitan fiɗa na sojojin Napoleon, wanda ya dage a kan a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani, ba tare da duba muƙaminsa ba. A yau ana amfani da launuka: ja ga wanda zai mutu in ba a taimake shi yanzu ba, rawaya ga wanda zai iya jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda ya riga ya cika ko babu abin da za a iya yi masa da abin da ke hannu. Ana koya wa ɗalibi cewa mai ihu yana numfashi, don haka ya fara duba wanda ya yi shiru. Ka auna wannan da tarbiyyarmu. An raine mu a kan fara gaida babba, fara ba wa mai sarauta wuri, fara kula da na gida kafin baƙo. Ga shi an ce maka idan alhajin da ka sani yana kuka da karyayyen hannu, almajirin da ba ka sani ba kuma jini yana tsartuwa daga cinyarsa, to ka wuce alhaji. Wani zai ce wannan rashin ladabi ne. Ni kuwa ina ganin wuri ne da ba kasafai ake samun irinsa ba, inda maganar da muke yawan yi da baki cewa rai bai fi rai ba take zama aikin hannu.

Sauran darussan aikin jiki ne, kuma suna da sauƙi har su ba mutum mamaki. Jini ana tsayar da shi ne da danna tsumma mai tsabta a kan raunin da ƙarfi, ba a ɗagawa ana leƙawa. In hannu ne ko ƙafa kuma danni ya gaza, sai a ɗaure sama da raunin tamau a rubuta lokacin da aka ɗaure. Wanda ya suma amma yana numfashi ana kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi, ba a ba shi komai ta baki. Wanda numfashinsa ya tsaya ana danna masa tsakiyar ƙirji, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, bayan kowane danni 30 a hura masa iska sau 2. Wannan dabara ba ta daɗe a duniya ba: a 1960 ne wasu masu bincike a asibitin Johns Hopkins suka bayyana amfanin danna ƙirji, aka haɗa shi da hura iska baki-da-baki wanda Peter Safar da James Elam suka tabbatar 'yan shekaru kafin nan. Ƙuna ana zuba mata ruwa mai sanyi ne har minti 20, ba ɗanyen ƙwai ko man goge haƙori ba. Mai farfaɗiya ba a cusa masa cokali a baki, ba a danne shi, kuma yawunsa ba ya harbin kowa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo a kare kansa. Wanda kububuwa ta sara ba a tsaga wurin a tsotsa, a hana gaɓar motsi a garzaya da shi inda ake da allurar dafi, irin asibitin Kaltungo a Jihar Gwambe.

A nan bari in ɗan ratse in yi magana da 'yan'uwa marubuta. Da wuya ka karanta littafin soyayya biyar ba ka tarar da inda yarinya ta yanke jiki ta faɗi, aka yayyafa mata ruwa, aka ɗura mata madara, ta buɗe ido ba. Dubban matasa suna karanta wannan, kuma ga da yawansu shi ne kaɗai darasin agaji da za su taɓa samu. Marubucin da ya ɓata yini ɗaya a ajin agaji zai gyara wannan shafi ba tare da labarinsa ya rage daɗi ba. Mu ma malaman makaranta ba mu tsira ba. Ɗalibi yana iya zana zuciya da ɗakunanta huɗu ya ci jarrabawa, amma idan abokinsa ya yanke a filin wasa sai ya nemi ƙasa ya barbaɗa, akwatin magani kuwa yana kulle a ofis, mai makullin ya tafi taro.

Yanzu mu koma ga masu ja da wannan magana, domin suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba.

Na farko zai ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ka koya wa direba abin kwana ɗaya, gobe ya ɗauki kansa likita, ya fara yi wa mutane allura a tasha. Wannan tsoro yana da tushe, domin mun ga irin ɓarnar da masu sayar da magani a kan tire suke yi. Amma an gwada abin an ga sakamakonsa. A Ghana, wajen ƙarshen shekarun 1990, likita Charles Mock da abokan aikinsa a Kumasi sun lura cewa yawancin waɗanda suka yi hatsari motocin haya ne ke kai su asibiti. Maimakon su jira ranar da motocin asibiti za su wadata, sai suka horar da direbobi 335, horo na sa'a 6 kacal, wanda yawancinsa gwaji ne da hannu, domin da yawa daga direbobin ba su yi karatu mai zurfi ba. Da aka bi sawun wasu daga cikinsu daga baya, bisa ga abin da su da kansu suka faɗa, masu tsayar da jini a wurin hatsari sun tashi daga 4 cikin 100 zuwa 42, masu buɗe hanyar numfashi daga 2 zuwa 35. A arewacin Iraƙi da Kambodiya kuma, inda nakiyoyin da aka binne suke yanke ƙafafun manoma nesa da asibiti, likita Hans Husum da tawagarsa sun horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye da dubban mutanen gari, mace-macen masu rauni suka sauko daga wajen 40 cikin 100 zuwa wajen 15. Ƙaramin sanin da ke ƙuƙumi shi ne wanda bai san iyakarsa ba. Horo na gaskiya rabinsa koyar da iyaka ne: kada ka zare wuƙar da ta shige jiki, kada ka mayar da ƙashin da ya fito, kada ka ba da magani, aikinka ka riƙe rai har ya isa hannun wanda ya fi ka.

Na biyu zai ce wannan aikin hukuma ne. Gaskiya ne akwai haƙƙi a kan hukuma, kuma ba na son wannan rubutu ya zama hanyar ɗauke mata shi. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, tana da lambar kira 122, akwai kuma 112 ta gaggawa. Ghana ta kafa hukumar motocin asibiti ta ƙasa a 2004, bayan turmutsitsin filin wasa na Accra a Mayun 2001 wanda ya ci fiye da mutum 120. Amma ko a ƙasashen da motar asibiti ke zuwa cikin minti goma ba su yarda a bar komai gare ta ba. A Jamus ba a ba mutum lasisin tuƙi sai ya yi kwas na agajin farko. A Faransa wanda ya ƙi taimakon mutumin da ke cikin haɗari, alhali zai iya ba tare da ya jefa kansa ko wani cikin haɗari ba, yana iya fuskantar ɗaurin shekara 5 da tarar Yuro 75,000. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce kan gaba. Wanda ya fi kowa nisa da motar asibiti shi ya fi kowa buƙatar maƙwabcin da ya iya.

Na uku shi ne mai tsoron abin da zai biyo baya, kuma shi na fi tausaya wa. Kowa ya ji labarin wanda ya kai mai rauni asibiti aka ce sai ya kawo takardar 'yan sanda, ko aka riƙe shi a matsayin wanda ake tuhuma, ko aka ce shi zai biya kuɗin magani. Wannan tsoro ya kashe mutane da yawa ba tare da ya taɓa su ba. Ya dace a san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, sannan dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga ta wajabta a yi musu magani ko da babu takardar 'yan sanda, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo su kada a takura masa da tambayoyi. Tsakanin abin da ke rubuce da abin da ake yi a ƙofar asibiti akwai rata, ban musa ba. Sai dai wanda ya san dokar, yana ɗauke da katin shaidar horo, ya fi ƙarfin tsayawa ya yi magana a kan wanda bai san komai ba sai tausayinsa.

Akwai kuma mai cewa in kwana ya ƙare babu mai ƙara shi. Wannan gaskiya ce da babu mai imani da zai ja da ita, amma ba a taɓa ba wa wanda ke tsaye a bakin hanya sanin kwanan wa ya ƙare ba. Abin da aka ba shi shi ne hannu da tsumma. Mai faɗin wannan magana da kansa, in ɗansa ne ke kwance, ba ya faɗinta sai bayan ya yi duk abin da zai iya.

Hujjar da ta fi ba ni wahala ita ce ta ƙarshe, mai cewa horo yana busar da zuciya. Ka ga ma'aikacin agaji a wurin da mata ke kururuwa, fuskarsa ba ta canza ba, yana ƙirga numfashi yana duba agogo, sai ka ce wannan ba shi da imani. Na daɗe ina juya wannan magana. Abin da na fahimta shi ne muna rikita abu biyu, jin zafin abin da ya sami wani, da amfanar wanda abin ya samu. Na farko yana faruwa ne a cikin ƙirjin mai kallo, kuma sau da yawa shi yake neman sauƙi: mutum yana ɗura wa wanda ya suma ruwa ne domin shi kansa ba zai iya jure tsayawa ba ya yin komai ba. Horo yana karkatar da hankali daga abin da nake ji zuwa abin da wannan jiki da ke kwance yake buƙata. Akwai kuma wani abu da masana halayyar ɗan Adam suka gano. A 1968 John Darley da Bibb Latané sun sa ɗalibai su ji muryar wani kamar farfaɗiya ta kama shi a wani ɗaki. Waɗanda suka zaci su kaɗai ke ji, 85 cikin 100 suka tashi neman taimako kafin muryar ta yanke. Waɗanda suka zaci akwai wasu huɗu da ke ji tare da su, 31 kawai suka tashi. Kowa yana jiran wani. Shi ya sa ake koya wa ɗan agaji kada ya ce "jama'a a taimaka", ya nuna mutum ɗaya da yatsa ya ce, kai mai farar hula, kira 112. Kai mai babur, tsayar da motocin can. Taron da ya cika wuri da salati sai ya koma hannaye masu aiki. Wannan natsuwa da muke kira bushewar zuciya ita ce ke sa tausayin sauran mutane ya yi amfani.

Duk da haka ba zan ce horo ba ya da farashi ba. Wanda bai sani ba yana iya wucewa ya yi addu'a ya kwana lafiya. Wanda ya sani ya rasa wannan sauƙin har abada, domin ya san abin da shirun wancan yaro yake nufi, ya kuma san minti nawa suka rage. Sannan akwai amanar da ta zo da aikin. Zai ga tsiraicin mutane, zai ji abin da mutum ke faɗa lokacin da ya zaci mutuwa zai yi, zai sa hannu a aljihun wanda ba ya cikin hayyacinsa don neman lambar iyalinsa. A zamanin da rabin masu tsayawa a wurin hatsari wayoyinsu suke ɗagawa, har uwa ta fara ganin gawar ɗanta a Facebook kafin a zo mata da labari, ɗan agaji shi ne wanda zai cire mayafinsa ya rufe. Ana kuma koya masa neman izini: idan majiyyaci yana cikin hayyacinsa sai ya faɗi sunansa ya ce ya iya agaji, ya tambaya ko a taimaka. Idan mace ce ya nemi wata mace ta tsaya kusa in akwai, amma bai bar ta ta zubar da jininta yana jiran a samo ta ba. Wannan ma dalili ne da ya sa ya kamata 'yan mata su cika ajin horo kamar yadda samari ke cika shi. Tun a Madina Rufaida Al'aslamiyya tana da tanti inda take jinyar waɗanda aka raunata, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Gwalalo.

Kuma ilimin ba ya zama. Hannun da bai danna ƙirjin gunkin gwaji ba shekara biyu ya manta nauyin dannin, shi ya sa takardun shaidar agaji suke da wa'adi, yawanci shekara 2 ko 3, sai a koma a sabunta. Mutum yana iya yin shekara goma yana komawa aji, yana ɗauke da safar hannu da bandeji a cikin jakarsa, ranar amfaninsu ba ta zo ba. In ta zo kuma, ba kullum ake nasara ba; yawancin waɗanda zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti ba sa farfaɗowa ko da an yi musu komai daidai, kuma malamin kirki yana faɗa wa ɗalibansa wannan tun ranar farko, don kada su ɗora wa kansu abin da ba nasu ba. Aikin ɗan agaji yana ƙarewa ne a ƙofar ɗakin gaggawa. Zai gaya wa ma'aikaciyar jinya ƙarfe nawa abin ya faru, yadda ya tarar da mutumin, abin da ya yi masa, da lokacin da ya ɗaure ƙafar. Za a tura gadon ciki, a rufe ƙofa, shi kuma ya nemi famfo ya wanke hannunsa ya koma neman motar da za ta kai shi inda ya nufa tun farko, kuma sau da yawa ba zai taɓa jin ko mutumin ya tashi ba.